Gagara-rabo mai alƙaluma miliyan 41: yadda aka san halin lambar da ba wanda ya taɓa karanta ta

A ce yau Juma'a ce. Ka soma ƙirga kwanaki daga gobe, ka yi ta ƙirgawa har ka cika wani adadi da zan faɗa maka nan gaba kaɗan, adadin da idan aka zo rubuta shi sai ya ci alƙaluma 41,024,320. A wace rana za ka tsaya? Litinin. Ba canki-canka na yi ba, ban kuma kunna kwamfuta ba. A bayan takardar kuɗin wuta ma ana iya fitar da wannan amsa, kuma za mu fitar da ita tare.

Ga adadin. Jera lamba 2 har guda 136,279,841, ka yi sau ɗinsu gaba ɗaya, biyu sau biyu sau biyu har su ƙare, sannan ka cire ɗaya. Masana lissafi suna taƙaita sunanta da M136279841. Don sauƙin magana bari mu kira yawan biyun da aka jera "hawa", kamar na bene: M3 tana da hawa uku, wato 2 sau 2 sau 2 a cire ɗaya, 7 ke nan, M5 kuma 31 ce. Tamu tana da hawa miliyan 136 da ɗoriya. A watan Oktoba na 2024 aka sanar cewa wani Ba'amurke mai suna Luke Durant, mazaunin San Jose ta jihar Kalifoniya, ya tabbatar da cewa babu wata lamba da ke raba ta daidai sai ɗaya da ita kanta, kuma daga ranar ta zama mafi girma a cikin irin waɗannan lambobi da ɗan Adam ya sani.

In mutum zai karanta alƙalami ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba salla ba cin abinci, sai ya yi kwana 474 da kusan sa'o'i 20 kafin ya kai ƙarshe. In bugawa za a yi, alƙaluma 3,000 a kowane shafi, za ta cinye rim 27 na takarda har a taɓa na 28. Abin dariyar shi ne a waya ba ta da wani nauyi: megabait 41 ce kacal, ba ta kai wani ɗan bidiyon biki da ake turawa a WhatsApp ba. Kowa na iya sauke ta. Karanta ta ne dai ba mai yi, kuma karatun ba zai ƙara wa mutum sanin komai game da ita ba.

Irin wannan lamba da ba ta rabuwa, ni dai gagara-rabo nake kiranta. Goro 12 yana rabuwa tsakanin mutum biyu, ko uku, ko huɗu, ko shida, kowa ya tashi da rabo daidai. Goro 13 kuwa sai dai mutum ɗaya ya kwashe duka, ko a tara mutum 13 kowa ya ɗauki ɗaiɗai. In ba haka ba sai an fasa wani. To 13 gagara-rabo ce, haka 2, 3, 5, 7, 11, 17. Kowace lamba da ke rabuwa, in ka yi ta farfasa ta, a kan waɗannan za ka tsaya, shi ya sa ake ɗaukarsu tubalan lissafi.

Mu koma kan Litinin. Ranakun mako bakwai ne, don haka abin da muke nema shi ne ragowar da za ta saura in aka raba lambar da 7. Duba yadda ninkin biyu yake yi: 2 ragowarta 2, 4 ragowarta 4, 8 ragowarta 1, 16 ragowarta 2, 32 ragowarta 4, 64 ragowarta 1. Biyu, huɗu, ɗaya, haka abin zai yi ta zagayawa har abada, kowane hawa uku ya dawo mafari. Saboda haka tambayar ta koma ƙarama: hawa 136,279,841 a wane gurbi ya faɗa cikin ukun nan? Tara alƙalumansa ka samu 41, wanda ya ɗara 39 da biyu, wato gurbi na biyu. Ragowa 4 ke nan. Cire ɗayan nan da aka ce a cire, saura 3. Asabar, Lahadi, Litinin.

Da wannan dabara ake tatsar abubuwa da yawa. Alƙaluma uku na ƙarshen ninkin biyu su ma zagaye suke yi, kowane hawa ɗari. Hawan namu ya ƙare da 41, kuma biyu mai hawa 41 ita ce 2,199,023,255,552, saboda haka babbar lambar da 551 ta ƙare, ko an duba ko ba a duba ba. In aka tara alƙalumanta miliyan 41 ɗin nan duka, aka sake tara alƙaluman jimlar, aka yi ta yi har ya rage alƙalami guda, 4 za a samu, domin ninkin biyu yana zagaya 9 a kowane hawa shida, namu kuma ya faɗa gurbi na biyar, daidai da 31, wadda 3 da 1 ɗinta ke ba da 4. Yawan alƙaluman ma ba ƙirga su aka yi ba. Biyu mai hawa goma 1,024 ce, kusan dubu, wato kowane hawa goma yana ƙara alƙaluma uku. Wannan kaɗai ya ba da wajen miliyan 40 da dubu 884. Ɗan 24 ɗin nan da ke kan dubun, wanda ake rainawa, shi ne ya taru ya taru ya ƙara wasu alƙaluma dubu 140. In aka yi lissafin da kyau har farkon lambar yana fitowa: da 88 ta soma.

Duk wannan ya yiwu ne saboda lambar tana da siffa. Da wani ne ya zauna ya zuba alƙaluma miliyan 41 barkatai, da ba abin da za mu iya cewa a kansu sai mun bi su ɗaya bayan ɗaya.

Siffar tana fitowa sarai a harshen kwamfuta, inda da 0 da 1 kaɗai ake ƙirga. A can 7 ita ce 111, 31 kuma 11111. Tamu ɗaya ce guda 136,279,841 a jere, babu sifili ko guda a tsakani. Wata hanyar kallonta ita ce tsohon labarin nan da masanin tarihi Ibn Khallikan ya rubuta a 1256, na mutumin da ya ƙirƙiro darar da Larabawa ke kira shaɗranji, ya roƙi sarki ladan ƙwayar hatsi ɗaya a gidan farko, biyu a na biyu, huɗu a na uku, a yi ta ruɓanyawa har gida na 64. Jimlar hatsin 18,446,744,073,709,551,615 ce, M64 ke nan. Lambar Durant ita ce hatsin da za a biya da a ce darar tana da gida miliyan 136.

Amma M64 tana rabuwa, 3 ma ta raba ta, haka 5 da 17. Dalilin yana da sauƙin gani ko da alƙalumanmu na yau da kullum. Ɗauki 111111, ɗaya guda shida. Tunda shida tana kasuwa biyu-biyu ko uku-uku, jerin ma yana kasuwa: 11 sau 10101 ne, kuma 111 sau 1001 ne. Haka abin yake a harshen kwamfuta. Muddin hawan yana rabuwa, lambar ma ta rabu. Sharaɗi na farko ke nan: dole hawan da kansa ya zama gagara-rabo, kuma 136,279,841 haka take.

Da a nan maganar ta tsaya, da babu wani labari. Hawa 2, 3, 5 da 7 sun ba da 3, 7, 31 da 127, duka gagara-rabo, har magabata suka zaci kullum haka ne. Sai hawa 11 ya ba da 2,047, wadda aka nuna a 1536 cewa 23 sau 89 ce. Daga nan kowace sai an gwada ta da kanta. Marin Mersenne, wani malamin coci Bafaranshe da ya rayu daga 1588 zuwa 1648, wanda ke musayar wasiƙu da manyan masanan zamaninsa, ya fitar da jeri a 1644 yana cewa daga hawa 2 zuwa 257, guda goma sha ɗaya ne kaɗai ke ba da gagara-rabo: 2, 3, 5, 7, 13, 17, 19, 31, 67, 127 da 257. Bai kawo hujja ba. Ya yi kuskure biyar: 67 da 257 suna rabuwa, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Sai da aka shafe shekara ɗari uku kafin a gama tantance jerin nasa, amma sunansa ya riga ya bi lambobin, har yau lambobin Mersenne ake ce musu.

M67 ta fi sauran labari. A 1876 Édouard Lucas, shi ma Bafaranshe, ya nuna cewa tana rabuwa, amma bai iya faɗin abin da ke raba ta ba. Sai a watan Oktoba na 1903, a wani taron masana lissafi a birnin New York, Frank Nelson Cole ya kawo amsar. Yadda ake ba da labarin, bai ce uffan ba: ya tafi allo ya lissafa M67 a gefe guda, 147,573,952,589,676,412,927, ya koma ɗaya gefen ya yi 193,707,721 sau 761,838,257,287 da alli, amsoshin suka yi daidai, ya koma ya zauna. Aka ce da aka tambaye shi tsawon lokacin da ya ɗauka, sai ya ce ranakun Lahadi na shekara uku. Ko da an yi wa labarin gishiri, lissafin dai gaskiya ne. Kuma ba lalube cikin duhu ya yi ba. Tun 1640 Pierre de Fermat ya lura cewa duk gagara-rabon da zai raba irin wannan lamba, in ka cire masa ɗaya, ninkin hawan zai raba shi. Gwada da 2,047: 23 a cire ɗaya 22, 89 a cire ɗaya 88, duka 22 na raba su. Gwada da ta Cole: 193,707,720 daidai take da 134 sau 1,445,580. A lambar Durant wannan ƙa'ida tana nufin duk wata lamba da ke ƙasa da 272,559,683 an sallame ta tun kafin a fara.

Abin lura a nan shi ne shekara 27 ɗin da ke tsakanin Lucas da Cole. Ta yaya mutum zai san cewa lamba tana rabuwa alhali bai san mai raba ta ba? A makaranta an koya mana hanya ɗaya ce: gwada 2, gwada 3, gwada 5, ka yi ta yi har ka kai lambar da in aka yi ta sau kanta za ta haura wadda kake gwadawa. A kan 127 wannan aikin minti ɗaya ne. A kan lambar Durant iyakar da za ka kai tana da alƙaluma sama da miliyan 20. Ƙiyasin da masana ke yi na yawan ƙwayoyin zarra a duk sararin da ake iya hangowa bai wuce lamba mai alƙaluma 80 da 'yan kai ba. Ko kowace zarra ta zama kwamfuta, aikin ba zai taɓu ba. Hanyar makaranta a rufe take ruf.

Hanyar da Lucas ya buɗe, wadda Derrick Lehmer ya gyara ta a shekarun 1930, ba ta neman mai rabawa sam. Ga yadda take. Fara da 4. Yi ta sau kanta, ka cire 2, ka raba da lambar da kake gwadawa, ka riƙe ragowar. Maimaita da ragowar. Yawan zagayen shi ne hawan a cire biyu. In ragowar ƙarshe sifili ce, lambar gagara-rabo ce. In ba sifili ba ce, tana rabuwa. Babu wataƙila a ciki.

Mu gwada da 127, mai hawa 7, zagaye biyar ke nan. Huɗu sau huɗu a cire biyu, 14. Sha huɗu sau sha huɗu a cire biyu, 194, a raba da 127 saura 67. Sai 67 sau 67 a cire biyu, 4,487, ragowa 42. Sai 42 ta ba da 1,762, ragowa 111. Sai 111 ta ba da 12,319, wadda ita ce 127 sau 97 cif-cif. Sifili. Yanzu 2,047, zagaye tara: 14, 194, 788, 701, 119, 1,877, 240, 282, 1,736. Ba sifili ba, don haka tana rabuwa. Amma ka duba jerin nan da kyau, ba 23 a ciki, ba 89. Gwajin ya yanke hukunci cewa akwai ɓarawo, bai faɗi sunansa ba. Halin da Lucas ya tsinci kansa ke nan da M67. Da wannan hanya kuma ya tabbatar da M127, mai alƙaluma 39, da hannu, a 1876 ɗin dai, ta kuma riƙe kambun mafi girma har 1951.

Akwai wata garaɓasa ta biyu da siffar ke bayarwa, kuma a ganina ba a cika ba ta haƙƙinta ba in ana wannan bayani. Rabawa ita ce aiki mafi cin rai a lissafin manyan lambobi, ga shi kowane zagaye yana buƙatarta. To amma duba abin da ke faruwa da 99 a alƙalumanmu: in kana son ragowar 4,487 a kan 99, ba sai ka raba ba. Yanka ta biyu, 44 da 87, ka tara, 131. Sake yankawa, 1 da 31, ka samu 32. Ita ce ragowar. Abin da 9 da 99 da 999 suke a wurinmu, shi lambobin Mersenne suke a wurin kwamfuta. Sai ta yanka, ta tara, an wuce wurin. Abin da ya rage mata shi ne yin lamba mai alƙaluma miliyan 41 sau kanta, sau 136,279,839. Aiki ne jibgege, amma mai ƙarewa.

Tun da kwamfuta ta shigo, farautar ta koma hannunta. A 1952 Raphael Robinson ya sa wata na'ura mai suna SWAC a Los Angeles ta yi gwajin, ta samo biyu a dare ɗaya, M521 da M607, ta ƙara uku kafin shekarar ta fita. A 1996 George Woltman ya kafa GIMPS, wani aikin gayya ta intanet: kowa ya sauke manhaja kyauta, a ba kwamfutarsa hawa ɗaya ta yi ta nuƙurƙusa a lokacin da ba ya amfani da ita. Duk wata sabuwar gagara-rabon Mersenne da aka samu tun daga Nuwamban shekarar, ta wannan gayya ta fito, guda 18, kuma har zuwa ta 17, wadda Patrick Laroche ya samu a Disambar 2018 mai alƙaluma 24,862,048, kwamfutoci ne na gida da na ofis ke yin aikin. Daga nan aka yi kusan shekara shida shiru.

Durant tsohon ma'aikacin kamfanin NVIDIA ne, ya san injunan nan da ake kira GPU, waɗanda aka ƙera don sarrafa hoto amma suka zama dokin aikin ƙirƙirarriyar basira. Ya shiga gayyar a Oktoban 2023, ya yi hayar dubbansu a cibiyoyin ajiyar bayanai da ke ƙasashe 17, ya haɗa su suka zama kamar babbar na'ura guda. Jaridu sun ruwaito cewa abin ya ci masa kusan dala miliyan 2 daga aljihunsa. Ladan da GIMPS ke bayarwa dala 3,000 ne. Ranar 11 ga Oktoba, 2024, wani inji a Dublin ta ƙasar Ailan ya ba da rahoton cewa M136279841 ta tsallake gwaji. Washegari, 12 ga wata, wani injin a San Antonio ta jihar Teksas ya tabbatar. Aka sake gwadawa da manhajoji daban-daban a kan injuna daban-daban, sannan aka sanar ranar 21.

Me ya sa kwana biyu, kuma me ya sa 12 ga wata aka rubuta a matsayin ranar ganowa? Domin gwajin farko ba na Lucas da Lehmer ba ne. A 'yan shekarun nan GIMPS ta koma tace lambobi da wani gwaji da ya samo asali daga Fermat: jera 3 sau adadin lambar a cire ɗaya, yi sau ɗinsu, raba da lambar, in gagara-rabo ce, ragowar dole 1 ce. An fi son sa saboda akwai dabarar da ke kama kuskuren inji a tsakiyar aiki, kuma ana iya tantance sakamakonsa ba tare da an maimaita aikin daga farko ba. Aibinsa shi ne ana iya yi masa sojan gona. Lamba 91 tana ba da ragowa 1, alhali 7 sau 13 ce. A lambobi masu girman ta Durant yiwuwar irin wannan ruɗi ƙanƙanuwa ce ƙwarai da gaske, har ba mai hankalin da zai sa kuɗinsa a kanta. Duk da haka ba a karɓa ba sai da gwajin Lucas da Lehmer ya fitar da sifilinsa. Na ga wasu na cewa wannan tsanani ne marar dalili. Ni kuwa ina ganin daidai aka yi: shaidar Dublin zato ne mai ƙarfi, ta San Antonio ita ce hujja, kuma fannin lissafi da hujja kaɗai yake cin abinci.

Sai dai kalmar "mafi girma" tana son a yi mata linzami. Fiye da shekara 2,000 da suka wuce Uƙlidis na Iskandariyya ya nuna cewa gagara-rabo ba su da ta ƙarshe: kawo duk waɗanda ka sani, yi sau ɗinsu, ƙara ɗaya, abin da ya fito babu ɗaya daga cikinsu da zai raba shi, don haka akwai wata a waje. A tsakiyar ƙarni na 19 Pafnuty Chebyshev na Rasha ya ƙara da cewa tsakanin kowace lamba da ninkinta akwai gagara-rabo. Wato tabbas akwai wata tsakanin lambar Durant da ninkinta, ba ma ɗaya ba. Ƙa'idar da aka tabbatar a 1896 game da yadda suke bazuwa ta nuna cewa a unguwar da lambar take, kusan ɗaya cikin kowace miliyan 94 gagara-rabo ce. Yawan waɗanda ke ƙasa da ita, shi kansa lamba ce mai alƙaluma miliyan 41, kuma in ban da 'yan ƙalilan ba wanda ya taɓa ganinsu. Ba a bi layi aka iso ga ta Durant ba, tsalle aka yi a kan dukkansu, aka dira inda gwaji yake da arha. Shi ya sa biyar mafiya girma da aka sani duk na Mersenne ne. Maƙwabciyarta, wadda ta ɗara ta da biyu ko da goma, ba mu da wata hanya mai sauƙi irin wannan ta yanke mata hukunci in ba a dace da ƙaramin mai raba ta ba.

Ko a cikin gidan Mersenne ɗin ma, ana ce mata ta 52 ne a jerin waɗanda aka sani. A lokacin da aka sanar da ita ba a gama gwada duk hawan da ke ƙasa da nata ba, kuma an taɓa gani: an samo mai hawa 43,112,609 a 2008, sai ga mai hawa 42,643,801 ta ɓullo a 2009, a bayanta.

Kowace sabuwa tana zuwa da 'yar rakiya. Akwai lambobin da ake kira kamilai, waɗanda in ka tara duk masu raba su, ban da su kansu, za ka dawo kansu: 6 ita ce 1 da 2 da 3, 28 ita ce 1, 2, 4, 7 da 14. Uƙlidis ya ba da girkinsu da irin hatsin darar nan: tara 1, 2, 4, ka ci gaba, duk inda jimlar ta zama gagara-rabo, yi ta sau lambar ƙarshe da ka tara. Bakwai sau huɗu, 28. 31 sau 16, 496. 127 sau 64, 8,128. Malaman lissafi na duniyar Musulmi sun yi aiki a kansu: Ibn al-Haisam, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya yi ƙoƙarin nuna cewa girkin Uƙlidis ya ƙunshi dukkan kamilai na shafa'i, Ibn Fallus kuma a ƙarni na 13 ya lissafo ta biyar, 33,550,336, da ta shida da ta bakwai, haɗe da wasu da ba su inganta ba. Leonhard Euler ne ya kammala hujjar a ƙarni na 18. Saboda haka ranar da aka tabbatar da lambar Durant, an samu kamila ta 52 a kyauta, mai alƙaluma 82,048,640, wadda ta ƙare da 576. Ita ma ba wanda ya tara masu raba ta ya gani.

Inda siffa ta ƙare kuwa, jahilcinmu yana da ban kunya. Shin akwai kamilar lamba ta wutiri? An nuna cewa in akwai, tana da alƙaluma sama da 1,500. Ba a samo ta ba, ba a kuma kore ta ba. Shin gagara-rabon Mersenne suna da iyaka? Kusan kowa ya yi imani ba su da ita, amma babu hujja. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kishiyar tambayar: ba a ma tabbatar da cewa masu rabuwa duk da hawansu gagara-rabo ne, irin su 2,047, ba su da iyaka ba, alhali duk inda aka gwada su ne suka cika gari.

Tambayar da ɗalibai ke yi, kuma suna da gaskiya, ita ce amfaninta. Sau da yawa akan amsa da cewa gagara-rabo ne ke tsare kuɗinmu a banki. Haka ne, amma ba wannan ba. Tsarin ɓoye saƙo na RSA, na 1977, yana aiki da gagara-rabo biyu masu alƙaluma kamar 300 kowacce, kuma ƙarfinsa yana kan abin da ya wahalar da Cole: sau yana da sauƙi, warware shi ne azaba. Sharaɗin shi ne lambobin su zama sirri. Wadda duniya duka ta san sunanta ba ta kulle komai. Ƙannenta dai sun shiga aiki. M19937 ce ke ƙarƙashin wata sananniyar hanyar fitar da lambobin ƙuri'a a kwamfuta, wadda Japanawa biyu suka ƙirƙiro a 1997. M31, wato 2,147,483,647, wadda Euler ya tabbatar a 1772, ita ce iyakar abin da tsofaffin manhajoji da yawa ke iya ƙirgawa, shi ya sa masu ƙirga daƙiƙoƙi daga farkon 1970 agogonsu zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038, in ba a gyara su ba. Manhajar GIMPS kanta ta zama abin gwada lafiyar sabuwar kwamfuta, saboda kuskuren alƙalami ɗaya cikin biliyoyi yana ɓata amsar. Da ita aka bankaɗo wani lahani a injunan Skylake na Intel, wanda kamfanin ya amsa a farkon 2016.

Wata ƙungiyar Amurka, Electronic Frontier Foundation, ta biya dala 100,000 kan ta farko da ta haura alƙaluma miliyan 10, ita ce ta 2008 ɗin nan da aka samu a wata kwamfutar jami'ar UCLA. Ta ajiye dala 150,000 ga wanda ya fara kawo mai alƙaluma miliyan 100. A gidan Mersenne wannan yana nufin hawan da ya haura miliyan 332. Zagayen gwajin zai ninka na Durant kusan biyu da rabi, lambar da ake juyawa a kowane zagaye ita ma ta ninka kusan biyu da rabi, wato kowane gwaji ɗaya zai ci aikin shida na irin nasa, kuma yawan hawan da za a gwada a watsar kafin a dace shi ma ya ƙaru.